Fim ɗin Casablanca a Bidiyo: Masu Magana da Waɗanda Aka Bari Shiru

1. Gabatarwa

Kafin zuwan bidiyo, wanda ya shiga gidan silima sau ɗaya yake jin kowace magana, in ta wuce shi ke nan. Kamfanin Sony ya fito da kaset ɗin Betamax a 1975, JVC ya biyo baya da VHS a 1976, faifan DVD kuma ya shiga kasuwa a Japan a 1996. Daga nan tsofaffin finafinan Holiwud suka shiga ɗakunan mutane. Mai kallo ya sami damar tsayar da fim, ya mayar da shi baya, ya saurari jimla ɗaya sau goma in ya ga dama. Wannan dama ta canza irin ra'ayin da ake bayarwa a kan waɗannan finafinai, domin yanzu ana iya gwada kowane yabo da kowane suka da abin da ke cikin faifan.

Wannan takarda ta ɗauki fim ɗaya, wato Casablanca na 1942, don ta auna ra'ayoyin da ake yi a kansa. Abin da take son nunawa shi ne, ƙarfin fim ɗin da rauninsa duk a wuri ɗaya suke: a maganar da aka sa a bakin ƴan wasa, da kuma waɗanda aka hana magana.

2. Fim ɗin a taƙaice

Kamfanin Warner Bros ne ya shirya fim ɗin, Michael Curtiz ya ba da umarni. An ɗauke shi daga watan Mayu zuwa Agusta na 1942 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ba a taka ƙasar Maroko ba ko sau ɗaya. Tsawonsa minti 102 ne, kuma hoton baƙi da fari ne. An fara nuna shi ranar 26 ga Nuwamba 1942, kwana 18 bayan sojojin Amurka da na Ingila sun sauka a Arewacin Afirka. Ya ci kyautar Oscar uku: ta fim mafi kyau, ta mai ba da umarni, da ta rubutun labari.

Labarin yana faruwa ne a watan Disamba na 1941, lokacin Maroko tana ƙarƙashin gwamnatin Faransa ta Vichy, wadda ke ɗasawa da Jamus. Ƴan gudun hijira daga Turai sun cika birnin Kasabalanka suna jiran takardar fita zuwa Lisbon ta Fotugal, daga can su wuce Amurka. Rick (Humphrey Bogart) Ba'amurke ne mai gidan shaƙatawa, wanda ya ce shi babu ruwansa da kowa. Wasu takardun izinin fita guda biyu suka faɗo hannunsa. Sai ga tsohuwar masoyiyarsa Ilsa (Ingrid Bergman) ta iso tare da mijinta Victor Laszlo (Paul Henreid), jagoran masu gwagwarmaya da ƴan Nazi. A ƙarshe Rick ya haƙura da Ilsa, ya sa ta a jirgi tare da mijinta, shi kuma ya koma fagen gwagwarmaya.

3. Ra'ayoyi biyu

Masu yabon fim ɗin sun fi yawa. Cibiyar Finafinai ta Amurka ta sa shi na biyu cikin finafinan Amurka 100 mafi kyau a 1998, ta sa shi na uku a 2007. Mai sharhi Roger Ebert ya yi masa bayani daga farko har ƙarshe, aka sa muryarsa a cikin faifan DVD. Hujjar wannan ɓangare ita ce, babu wani fage da ke ɓata lokaci, kuma labarin ya nuna mutumin da ya fifita abin da ya dace a kan abin da ransa ke so.

Ɗaya ɓangaren yana ganin an zuzuta fim ɗin fiye da kima. Masani ɗan ƙasar Italiya Umberto Eco ya ɗauke shi a matsayin fim matsakaici, wanda aka tara wa tsofaffin dabarun ba da labari iri-iri, kuma a ganinsa yawan dabarun ne ya sa mutane suke son sa. Bidiyo ya ƙara wa wannan ɓangare hujja. Wanda ya tsayar da faifan a fagen ƙarshe zai gane cewa jirgin da ke bayan ƴan wasa na kwali ne, an rage girmansa, an sa gajerun mutane a matsayin makanikai don ya yi kama da babba, sannan aka lulluɓe wurin da hazo. Haka kuma hankali ba zai ɗauka ba a ce mutumin da ya tsere daga sansanin ƴan Nazi yana zaune a teburi cikin fararen kaya, hafsan Jamus na kallon sa.

Duk wannan suka gaskiya ne, amma suka ne na ido. Wanda ya bi fim ɗin da kunne zai tarar da wani abu dabam.

4. Abin da kunne ke kamawa

Cikin ƴan wasan da aka rubuta sunayensu a farkon fim ɗin, uku kawai aka haifa a Amurka: Bogart, Dooley Wilson da Joy Page. Da yawa daga sauran ƴan gudun hijira ne na gaske. Conrad Veidt, wanda ya fito a matsayin Manjo Strasser na Jamus, ya bar ƙasarsa a 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Madeleine Lebeau da mijinta Marcel Dalio sun gudu daga Paris a 1940, suka yi zaman jiran biza a Lisbon. Saboda haka lafazin da ake ji a gidan Rick ba kwaikwayo ba ne. Kowa yana magana da Turancin da ya koya da girmansa, harshensa na asali yana leƙowa ta ƙarƙashi.

Akwai wani ɗan gajeren fage da ya kamata ɗalibin harshe ya maimaita. Wani tsoho da matarsa, masu jin Jamusanci, za su tafi Amurka kashegari, sai suka yanke shawarar daga yau Turanci kawai za su yi. Mijin yana son ya tambayi lokaci. A Jamusanci kalma ɗaya ce ke nufin agogo, ita ce kuma ake faɗin ƙarfe nawa da ita. Sai ya juya tambayarsa kalma da kalma, ta fito kamar a ce da Hausa "wane agogo?", matar ta amsa da "agogo goma". Abin dariya ne, kuma kuskuren da kowane mai koyon harshe ya sani ne. Amma fim ɗin bai yi musu ba'a ba. Masu fitowa a fagen, Ludwig Stössel da Ilka Grüning, su ma hijira suka yi, kuma abin da mai kallo ke gani shi ne tsofaffi biyu da yaƙi ya tilasta wa ajiye harshensu.

Fagen da ya fi shahara shi ma na harshe ne. Hafsoshin Jamus suna rera waƙarsu ta kishin ƙasa, Laszlo ya umarci makaɗa su buga taken Faransa, jama'ar gidan suka ɗauka har suka danne muryar Jamusawa. An nuna fuskar Lebeau tana hawaye. Babu harbi ko ɗaya a wannan fage, amma a nan ne yaƙin ya fi fitowa fili.

Har ma akwai gardamar da lafazi ya haifar. Peter Lorre, wanda ya fito a matsayin Ugarte, ya faɗi sunan janar ɗin da ya sa hannu a takardun izinin. Wasu suna jin de Gaulle, wasu suna jin Weygand. A faifan DVD, rubutun Turanci na ƙasan allo ya ce de Gaulle, na Faransanci ya ce Weygand. Tarihi yana bayan na Faransanci, domin Weygand shi ne wakilin Vichy a ƙasashen Afirka na Faransa har zuwa Nuwamba 1941, alhali gwamnatin Vichy ta yanke wa de Gaulle hukuncin kisa tun 1940, sa hannunsa ba zai fitar da kowa daga Maroko ba. Darasin a nan shi ne, rubutun ƙasan allo ba shi ne fim ba, abin da wani mutum ya ji ne ya rubuta.

5. Waɗanda aka bari shiru

Kunnen da ya kama waɗannan abubuwa shi ne kuma zai lura da giɓin da ke cikin fim ɗin. Birnin na Maroko ne, amma ba a ba Larabcin Maroko ko harshen Tamazight wani matsayi ba. Mutanen ƙasa suna wucewa ne a baya kamar kayan ado. Abdul mai gadin ƙofa Ba'amurke ne ya fito a matsayinsa. Jar dara da ta fi fitowa a fim ɗin tana kan Ferrari ne, Bature ɗan kasuwar bayan fage. Ɗan ƙasar da ya fi kowa yin magana shi ne wani mai sayar da leshi a kasuwa, wanda ya sa wa Ilsa faran 700, ya dawo 200, ya dawo 100, ita kuwa hankalinta na wajen Rick. Fim ɗin yana kukan mamayar da Jamus ta yi wa Faransa, bai ce uffan ba a kan cewa Faransa ce ke riƙe da Maroko tun 1912, kuma ba ta sake ta ba sai 1956.

Ga mai kallo a Nijar, Cadi ko Kamaru, wannan shiru ya fi nauyi. A fagen ƙarshe, Kyaftin Renault ya ba Rick shawarar su nufi sansanin Faransa Mai ƴanci da ke Barazabil. Suna ne kawai aka ambata. Amma Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ita ce ta fara bin de Gaulle a Afirka ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru ta biyo baya kashegari, Nijar kuwa ta zauna ƙarƙashin Vichy har Nuwamba 1942. Sojojin Afirka suna da yawa cikin rundunar farko ta Faransa Mai ƴanci, kuma ko ɗaya bai fito a fim ɗin ba.

Sai kuma Sam, baƙar fata ɗan Amurka mai kaɗa fiyano. A nan dole a yi wa fim ɗin adalci. Sam abokin Rick ne, yana gaya masa gaskiya, kuma da Ferrari ya nemi ya saye shi, Rick ya amsa cewa shi ba ya cinikin mutane. A Holiwud ta 1942 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka, da Ilsa ta shigo gidan ta tambayi wane ne mai fiyano, kalmar Turanci ta "boy" ta yi amfani da ita, wato yaro. An haifi Dooley Wilson a 1886, Bergman kuma a 1915, ya girme ta da shekara 29. Bahaushe ya san wannan kalma sarai, domin daga gare ta aka sami "boyi", sunan da Turawan mulkin mallaka suka ba mai aikin gida ko da ya yi furfura. Sam yana sa wa Rick da Ilsa laƙabin girmamawa in zai kira su, su kuwa sunansa suke kira gatsau. Da Rick ya sayar da gidan, ya nema wa Sam kashi 25 cikin 100 na riba, amma ba a nuna an tambaye shi ko yana son zama ba.

6. Kwafi ba ɗaya ba ne

Kafin mutum ya ba da ra'ayi, ya kamata ya san wane kwafi ya kalla. A 1952 an nuna Casablanca a Jamus ta Yamma da muryoyin Jamusanci, an yanke wajen minti 25. An cire Manjo Strasser da duk batun ƴan Nazi, Laszlo kuma ya koma Victor Larsen, masanin kimiyya ɗan ƙasar Norwe. Sai a 1975 aka nuna cikakken fim ɗin da sabuwar fassara a talabijin na Jamus. A 1988 kuma kamfanin Ted Turner ya shafa wa fim ɗin launi da kwamfuta, abin da ya jawo suka mai yawa, domin an tsara haske da inuwar fim ɗin ne don baƙi da fari.

Misalin Jamus ya shafi duk mai sha'awar aikin fassara, har da masu ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya. Mai fassarar fim yana da ikon sauya labari gaba ɗaya ba tare da mai kallo ya sani ba. Wanda aka ba aikin juya maganar Ilsa zuwa Hausa, alal misali, yana da zaɓi uku: yaro, boyi, ko mutumin nan. Na farko ya bi kalmar, na biyu ya fito da raini, na uku ya ɓoye shi.

7. Kammalawa

Casablanca ya cancanci sunan da ya yi, amma ba don labarinsa ba shi da giɓi ba, kuma jirgin kwali bai rage masa komai ba. Darajarsa tana cikin muryoyin mutanen da suka rasa ƙasashensu, waɗanda aka bari suka yi magana da lafazinsu. Laifinsa kuwa shi ne, wannan kulawa ta tsaya a kan Turawa, ba ta kai ga masu garin ba, ta kai ga Sam rabi da rabi. Ɗalibin da ya sami faifan zai amfana in ya kalle shi sau biyu: na farko don labarin, na biyu da takarda a hannu, yana rubuta wanda ya yi magana, da harshen da ya yi ta, da sunan da aka kira shi da shi.