Jinjina ga Masu Gashin Ƙashi

Likitan tiyata ke ɗinke jijiyar kafaɗar da ta yage, shi kuma ake yaba wa. Amma watannin da ke biyo baya na masu gashin ƙashi ne, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mako 4 zuwa 6 hannu na rataye, su ke ɗaga shi a hankali don kada gaɓar ta sandare, kada kuma ɗinkin ya warware. Sanin wannan iyakar gwaninta ce babba, kuma ba a cika ambatonta ba. Daga baya majinyaci ya riƙa hawa bango da yatsu, wajen mako na 12 a fara jan roba. Duk ranar dawowa asibiti sukan auna inda hannu ya kai, su lallashi wanda zafi ya karya wa gwiwa.