Goge Arba'in Ko Tsirkiya Ɗaya?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani shiri na ƙasar Benezuwela da ake ta yabo, wanda nake so mu sa shi a faifai. A 1975 wani masani, José Antonio Abreu, ya tara matasa 11 a wata ma'ajiyar motoci a birnin Karakas, ya fara koya musu kiɗan taro irin na Turawa. Shirin, mai suna El Sistema, ya bunƙasa har yara dubbai suka shiga, ana ba su gogen Turawa da darasi kyauta. Cikinsu ne Gustavo Dudamel ya fito, wanda ya karɓi jagorancin makaɗan birnin Los Angeles a 2009. Amma a 2014 Geoffrey Baker ya fitar da littafi yana sukar shirin, cewa horonsa ya cika tsanani, kuma ba 'ya'yan talakawa tuburan ne suka fi cin moriyarsa ba.

To, ni sukar tawa daban ce. Na ji wasunmu na cewa a kawo irinsa Kano, domin yaran da ke barin garuruwanmu, daga Falgore zuwa Tudun Wada da Doguwa, su ƙare a birni suna wankin kwano da dako. Niyyar mai kyau ce, sai dai ba rashin abin kiɗa ne ya raba yaran nan da kiɗa ba. A wajenmu garaya ta maharba ce da 'yan bori, goge kuwa da an ji shi sai a ce na gidan mata ne. Uba ya gwammace ɗansa ya yi dako shekara goma da a kira shi maroƙi rana ɗaya. Wanda ya sayo goge arba'in bai zauna da iyaye da malamai ba, ya yi wa gara cefane.

Sannan ga batun kunne. Tsirkiyar Bahaushe baiwar magana ce, wato aikinta ta raka waƙa. In yara arba'in suka yi awa guda suna goge ba baki, dattijo zai gyara zama ya tambaya me suke cewa.

Dubi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Maraya ne na gaske, Sarkin Hausawan Bukur ya riƙe shi. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce, a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, amma da shi ya yi "Karen Mota", ya sa ƙasa ta dubi yaron da kowa ke yi wa tsawa a tasha. Da ni ne mai shirin, da kuntigi da gurmi da kukuma zan fara, yaro ya koyi tsara baiti tare da kaɗa tsirkiya, malaminsa kuma makaɗin da iyayensa suka sani.