Muzuru da Ɓera a Bisa Fiyano: Tarken Fim ɗin Zane Mai Suna The Cat Concerto

1.0 Gabatarwa

Daga cikin gajerun finafinan zane 114 na Tom da Jerry waɗanda William Hanna da Joseph Barbera suka shirya wa kamfanin MGM na Amurka tsakanin 1940 da 1958, bakwai ne suka ci lambar Oscar, kuma da wuya a sami wanda ya kai The Cat Concerto suna a cikinsu. An ba shi lambar a watan Maris na 1947, sa'an nan aka sake shi ga gidajen silima a watan Afrilu. Tsawonsa kimanin minti bakwai ne, kuma babu mai furta ko da kalma ɗaya a cikinsa. Wannan takarda za ta auna fim ɗin da ma'aunan da aka saba auna wasan kwaikwayo da su, watau zubi da tsari, da salo, da jigo, don a ga inda ya cancanci yabon da ake yi masa, da kuma inda yabon ya zarce aikin.

2.0 Zubi da Tsari

Muzuru Tom ya fito dandali cikin baƙar kwat, ya rusuna, ya zauna zai kaɗa Hungarian Rhapsody mai lamba 2, kiɗan da Franz Liszt, mutumin Hungari, ya tsara aka buga shi a 1851. Ashe ɓera Jerry yana barci a kan 'yan gudumomin da ke dukan tsarkiyoyin fiyanon daga ciki. Da aka soma kiɗa sai gudumomin suka tashe shi, ya fito yana kwaikwayon mai ba da umarni ga makaɗa, Tom ya ɗalle shi da yatsa. Daga nan rigima ta kaure, kiɗa kuwa bai tsaya ba. A ƙarshe Jerry ya karya gudumomi biyu ya riƙa dukan tsarkiyoyi da su, yana maimaita rufewar kiɗan, Tom yana bi ala tilas don kada asirinsa ya tonu, har ya faɗi a galabaice, ɓera kuwa ya fito ya karɓi tafi.

Ƙarfin wannan tsari shi ne ba a ɗauko labari daban aka ɗora masa kiɗa ba. Kiɗan Liszt yana da kashi biyu, na farko mai nauyi da tafiyar hawainiya, na biyu mai sauri wanda ke ta ƙara zafi har ƙarshe. Masu fim sun shimfiɗa rigimar a kan wannan zubi sak, ta yadda ƙasaitar Tom ta dace da kashin farko, tonon silili da wulaƙancinsa suka dace da na biyu. Har ila yau, sun kafa wa muzurun doka guda wadda ba shi da ikon karyawa, ita ce ko me ya same shi ba zai daina kiɗa ba. Daga wannan doka ce yawancin ban dariyar ta fito, alal misali inda ya hau fiyano yana neman ɓera alhali ƙafafunsa na ci gaba da kiɗa.

3.0 Salo

Fim yana tafiya ne da hoto 24 a cikin kowace daƙiƙa, saboda haka minti bakwai ya kai hoto wajen dubu goma. Sai da aka ƙidaya bugun kiɗan aka rarraba shi bisa waɗannan hotuna kafin mazana, Kenneth Muse da Ed Barge da Irven Spence, su zana motsin. Sakamakon haka shi ne yatsun Tom suna sauka a kan madannai daidai da ƙarar da kunne ke ji, har mai kallo ya manta da cewa zane yake kallo. Scott Bradley, wanda ya kula da kiɗa, ya yi gwaninta musamman inda Jerry ya karkatar da kiɗan Liszt zuwa wata waƙar zamani ta Amurka, ya zubar da girman zauren cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Daɗin daɗawa, an zana halin Tom da kyau. Yadda yake goge hannu, da ɗaga haɓa, da lumshe ido, sun isa su nuna mutumin da ya fi damuwa da a gan shi gwani bisa ga kiɗan kansa. A nan motsin jiki ya yi aikin da zance ke yi a wasan kwaikwayo.

4.0 Rauni

Rauni na farko yana tsakiyar fim ɗin. Almakashin da Jerry ya nemi datse yatsan Tom da shi, da tarkon ɓeran da ya ɗana a gurbin madannai, kayan faɗan da aka saba gani ne a sauran finafinan Tom da Jerry, kuma da za a mai da su ɗakin girki babu abin da zai ragu daga gare su. Ba daga kiɗan suka tsiro ba, ba kamar dukan da gudumomi suka yi wa ɓera ba, wanda ba zai yiwu ba sai a cikin fiyano.

Na biyu ya shafi jigo. A tatsuniya, Gizo yakan yi galaba a kan manyan dawa ne domin sun fi shi ƙarfi, wani lokaci kuma wayon nasa ya koma kansa. A nan kuwa laifin Tom na farko bai wuce zuwa wurin aikinsa ba, ɓera ne baƙo a cikin fiyano. Idan manufa ita ce a karya girman kan masu kiɗan manya, an cim mata tun kafin a kai rabi. Abin da ya biyo baya azabtarwa ce kurum, sa'an nan tafin da Jerry ya karɓa ya bar mai kallo da darasin cewa wanda ya ɓata aiki shi ke cin ladansa.

Na uku shi ne batun asali. A watan Nuwamba na 1946 kamfanin Warner Bros. ya saki Rhapsody Rabbit na Friz Freleng, inda zomo Bugs Bunny ke kaɗa wannan kiɗa a fiyano, ɓera yana damunsa. Kamfanonin biyu sun zargi juna da satar fasaha, kuma ba a taɓa warware zancen ba. Ko da an ajiye wannan, Freleng ya riga ya gina Rhapsody in Rivets a kan kiɗan tun 1941, Mickey Mouse ma ya kaɗa shi a The Opry House a 1929. Ke nan ba za a yaba wa Hanna da Barbera da ƙago dabarar ba.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, darajar The Cat Concerto tana ga aiwatarwa, watau daidaiton motsi da sauti, da kuma dokar nan guda da aka ɗaure muzuru da ita. A littafin The 50 Greatest Cartoons da Jerry Beck ya tace a 1994 an sa shi na 42, matsayin da ya yi daidai da aikin da ya ƙware a sana'a amma bai zo da sabon tunani ba. Ga malamin wasan kwaikwayo kuwa, minti bakwai ɗin nan sun isa a nuna wa ɗalibi yadda ake tayar da rikici, a kai shi ƙololuwa, a warware shi, ba tare da an buɗe baki ba.