Jinjina ga Masu Kula da Kwamfutocin Ɗakin Adana Kayan Tarihi

A ɗakin da ake gyaran tsofaffin littattafai da zane-zane, ma'aikacin kwamfuta ƙorafi yake sha: ya hana a saka manhaja, ya toshe kafar filashi.

Amma a duba nauyin da ke kansa. Na'urar XRF mai gano sinadaran tawada da fenti kan daɗe tana aiki lafiya lau, alhali manhajar wasu tsofaffin sai a Windows XP take tashi, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 2014. Sayen sabuwar na'ura kuɗi ne masu yawa. Sai ya raba kwamfutar da intanet, ya keɓe ta, ya tsara yadda za a kwashe sakamakon bincike ba tare da ɓarna ta kutso ba. A ganina, wannan gwaninta ce ta gaske.

Mai cewa tsaurin ya yi yawa ya tuna harin da 'yan kutsen Rhysida suka kai wa British Library, babban ɗakin karatun Birtaniya, a Oktoban 2023. Watanni aka shafe masu bincike ba sa iya duba kundin littattafanta a intanet, kuma rahotonta na 2024 ya ce tsofaffin manhajoji sun ƙara tsananta ɓarnar.