Idan Ƙugiya Ta Maƙale a Ƙasan Ruwa

Masunci yana gane bambancin jan kifi da jan kututture tun kafin ya ɗaga sandar fatsa sau biyu. Kifi yana fizga, ya saki, ya sake fizga, zare yana rawa a yatsa. Kututture kuwa shiru yake yi, sai nauyi kawai. Daga nan ake shiga wani fanni na sana'ar su wanda ba a cika yin hirarsa a bakin kwata ba, wato yadda za a ƙwato kayan aiki daga abin da ya riƙe su a ƙasan ruwa.

Maƙalewa ba sakaci ba ce. Tarwaɗa da kurungu da giwan ruwa ba sa zama a fili. Suna laɓewa ne cikin saiwoyi, da gindin duwatsu, da rassan itacen da ruwa ya cinye, domin a nan ƙananan kifaye suke taruwa. Duk mai son babban kamu dole ya jefa ƙugiyarsa daidai inda za ta iya sarƙewa. Wanda bai taɓa asarar ƙugiya ba, to a inda babu kifi yake su.

Waɗanda suka fi zurfafa tunani a kan wannan matsala su ne masu su don nishaɗi a Turai da Amurka, saboda abin da suke ɗaurawa a zare yana da tsada. Da yawansu ba tana suke sa wa ƙugiya ba, kifin ƙarya ne na katako ko roba. A 1936 wani talakan masunci a ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya yi ta gyara shi har ya riƙa tangaɗi cikin ruwa kamar kifin da ya ji rauni. Sunansa ne a kan kamfanin Rapala har yau. Irin wannan kifin ƙarya yakan ɗauki ƙugiya biyu ko uku, kowacce mai baki uku, don haka ko ya gifta ta kusa da reshe sai ya cafke shi. Masu farautar giwan ruwa a tafkin Nasir na Masar da shi suke aiki, kuma da zarar giwar ta ji ƙarfe a baki sai ta nufi duwatsu.

Ƙa'idarsu ta farko ita ce kada a ja. Ja yana ƙara nutsar da bakin ƙugiya cikin itace ne kawai. Sai a sassauta zare a jira kaɗan. Idan kifin ƙaryar mai tasowa sama ne, sau da yawa yakan ja da baya da kansa ya kuɓuta. In bai yi ba, mai kwale-kwale ya tuƙa ya zagaya ta ɗaya gefen, ya ja daga can, domin ƙugiya tana fita ne ta hanyar da ta shiga. Wanda yake tsaye a gaɓa yana da wata dabarar: ya ɗaure zaren tamau, ya kama shi tsakanin na'urar naɗi da zoben farko na sanda, ya janyo shi gefe kamar tsirkiyar baka, sannan ya sake shi farat ɗaya. Girgizar da ke bin zaren zuwa ƙasa takan fizge ƙugiyar ta baya.

Sai kuma kayan aiki. Akwai dunƙulen dalma mai zobe, ɗaure da igiya mai ƙarfi ta daban. Ana rataya zoben a jikin zaren fatsa, a miƙar da zaren, a sake dalmar ta gangara har ta buge kifin ƙaryar. Wani lokaci bugu ɗaya ya isa. Wasu suna maƙala mata guntayen sarƙa, yadda in bugun bai yi aiki ba sarƙar za ta harɗe ƙugiyoyin, sai a ja da igiyar har bakin ƙugiya ya miƙe ko reshen ya karye. A ruwa mara zurfi ana amfani da doguwar sanda mai murɗaɗɗiyar waya a baki, a bi zaren da ita har a tura ƙugiyar baya.

Idan duk wannan ya faskara, sai a tsinke, kuma tsinkewar ma da ladabinta. Ba a naɗa zaren roba a hannu, domin yana yanka nama har ƙashi. A guntun itace ake naɗawa. Kuma mutum ya kau da fuskarsa, don idan ƙugiya ta kuɓuce ana cikin ja, kai tsaye take dawowa wajen ido. Masu hangen nesa sukan ɗaura dalmar nutsarwa da zare mai rauni tun farko, yadda in ta maƙale ita kaɗai za ta tafi.

Sarkawa da Kabawa da masuntan tafkin Chadi ba baƙin wannan hikima ba ne, ko da ba su sa mata suna ba. Dubi mamari: doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, kowacce a rataye da ɗan guntun zarenta. Mai duba mamari yana bin igiyar hannu bayan hannu daga cikin jirgi, in ya iso inda ta riƙe sai ya tura gwangwala ya taɓo wurin, in ta ƙi ya yanke guntun zaren ya wuce. Ƙugiya ɗaya ta tafi, igiya ta tsira. Birgi, wato ragar da ake jefawa, shi ne mai wahala, domin dalmar bakinsa takan rufe kan kututture ruf, kuma a nan ne masunci kan tuɓe riga ya yi nutso.

Abin da aka yanke aka bari a ruwa ba ya gushewa. Wani bincike da mujallar Science Advances ta buga a 2022 ya kiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kayan su na duniya suna ɓacewa a teku kowace shekara, ciki har da ƙugiyoyi kusan biliyan 14. Raga ta roba tana ci gaba da kama kifi ba mai ɗiba. Dalma kuma guba ce. A 1987 Birtaniya ta hana amfani da ƙananan dalmomin fatsa bayan an gano su ne ke kashe manyan tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su.

Amma inda maganar maƙalewa ta fi ɗaci shi ne tafkin Volta a Ghana. An gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane kimanin 80,000, ya kuma rufe dazuzzukan da ba a sare ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, wasu kawunansu a waje, suna fasa jirage suna yaga raga. Kifin da ake banda a Yeji, tsohon mashigin fataken goro zuwa Salaga inda har yau ake ciniki da Hausa, daga cikin wannan dajin da ya nutse yake fitowa. Kuma idan raga ta sarƙe, sau da yawa yaro ake turawa. Ana cewa jikinsa ƙarami ne, yatsunsa sirara, ya fi iya kwance ƙulli. Ruwan duhu ne, da laluben hannu yake aiki, numfashinsa ɗaya, ragar da ya je kwancewa kuma tana iya naɗe masa ƙafa. Da yawa daga cikin yaran an karɓo su ne daga iyaye matalauta a garuruwan bakin teku da alkawarin koya musu sana'a. James Kofi Annan yana ɗan shekara shida aka kai shi wannan aiki, ya yi shekara bakwai kafin ya gudu, daga baya ya kafa ƙungiyar Challenging Heights a Winneba don kuɓutar da irinsu.

Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuma idon ba na mai ragar ba ne. Wanda yake zaune cikin jirgi ya san akwai sanda, akwai igiya, akwai wuƙa. Yana tura yaro ne saboda yanke raga asara ce daga aljihunsa. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, dokar 2005 kuma ta haramta safarar mutane, sai dai tafkin yana da faɗi, ƙauyukansa da dama sai da jirgi ake isa.

Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968 ta haɗiye tsohuwar Bussa, ita ma tana da nata kututturan, har hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun wutar lantarki ta ɗauki aikin sare wasu a can da Shiroro don kare jiragen fasinja. Irin wannan sarewa tana da tsada, kuma a hankali take tafiya. Kafin ta kai ko'ina, zobe da sarƙa da dunƙulen ƙarfe aiki ne da kowane maƙeri a Yauri ko Yeji zai ƙera cikin wuni guda, haka ma lauje a bakin doguwar gwangwala don datse ragar da ta ƙi fitowa daga cikin jirgi.