Sojan Milimita Shida da Masu Yi Masa Fenti

Tankar Tiger da Jamus ta fito da ita a 1942 ta haura tan 50 a nauyi, gangar jikinta kuma ta ɗara mita shida. In aka rage ta sau 285, abin da zai saura bai wuce santimita biyu da 'yan kai ba. Sojan da ke tafe a gefenta kuwa ya dawo milimita shida, tsawon ƙwayar shinkafa ke nan. A Ingila da Amurka da Poland da wasu ƙasashen akwai mutanen da ke sayen irin waɗannan 'yan mitsi-mitsin sojoji da tankoki ɗari-ɗari, su raba dare suna yi musu fenti, sannan su jera su a kan tebur su sake gwabza yaƙin da aka gama tun ba a haife su ba. Jin labarin kawai zai sa mutum ya ce wasan yara ne. Amma aikin hannun da ke ciki ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau.

Wasan yaƙi a kan tebur ya daɗe. A 1824 wani hafsan Purushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan da ake kira Kriegsspiel, inda ake tura 'yan guntayen ƙarfe a kan taswira don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya kai abin ɗakunan farar hula, da sojojin dalma da 'yar igwa mai harba tsinke. Matsalar da ta biyo baya ita ce ta fili. Teburin da aka saba wasa a kai ƙafa shida ne a ƙafa huɗu. In an yi amfani da sojoji masu milimita 28, waɗanda su ne suka fi farin jini a yau, tsawon teburin gaba ɗaya wajen mita 100 ne kawai na filin daga, alhali igwar Tiger tana iya fasa tanka daga nisan da ya fi kilomita guda. Sai ka ga tankoki sun yi cirko-cirko, hanci na taɓa hanci, abin da ba ya faruwa a yaƙin gaske. Da aka rage girman zuwa kashi ɗaya cikin 285, teburin nan ya zama wajen mita 500, dokokin wasa kuma suka ƙara matse nisan har ya kai kilomitoci. A nan ne mai wasa ya fara ganin abin da kwamanda ke gani: dogon layi, da giɓin da ke tsakanin bataliya da bataliya, da hanyar da za a bi a zagaye abokin gaba.

Kamfanin GHQ da aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a 1967 shi ya yi suna da ma'aunin 1:285, har sojojin Amurka suka yi amfani da irin waɗannan 'yan tankoki a wasan horarwa na Dunn-Kempf a shekarun 1970. A Ingila Heroics & Ros suka riƙe 1:300, Baccus na birnin Sheffield kuma suka ƙware a sojojin ƙasa da na doki, suna ma shirya wa masu sha'awar abin taro mai suna Joy of Six. Akwai waɗanda milimita shida ma ta yi musu girma: Oddział Ósmy na Poland suna zuba na milimita uku, Irregular Miniatures kuma na milimita biyu.

Kayan suna zuwa ne tsirara, farin ƙarfe mai haɗin kuza, sau da yawa sojoji huɗu a jere a kan ɗan siririn gindi guda. Mai fenti zai fara kankare ɗan tabon da mazubi ya bari da bakin reza, ya miƙe hancin igwar da ya lanƙwashe a hanya, ya wanke su da sabulu don maiƙon zubi ba ya barin fenti ya kama. Daga nan sai ya manna su a kan ɗan katako, goma ko ashirin a layi, domin ba mai iya riƙe abu mai wannan ƙanƙanta da yatsa ya kuma yi masa aiki. Duk layin ake yi wa launi guda a tafi ɗaya, a gama wanduna kafin a koma riguna.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne sanin abin da za a bari. Sabon shiga yakan ɗauko gilashin ƙara girma, ya dage sai ya zana maɓallin riga da igiyar bindiga, ya kashe awa guda a kan soja ɗaya. In ya ajiye shi a tebur ya ja da baya, sai ya ga ɗan baƙin ɗigo kawai. Gwani kuwa ya san ba a hannu za a kalli aikinsa ba, daga tsaye za a kalle shi, nisan mita guda ko fiye. Don haka tambayarsa kullum ita ce: me ido zai kama daga can? Amsar ba ta da yawa. Launin riga, da hula, da ɗigon fuska, da na hannu, da layin bindiga. Soja guda bai fi a taɓa shi sau biyar ko shida da bakin buroshi ba. Amma kowace taɓawa sai ta faɗi daidai inda ya kamata, kuma sai an maimaita ta sau ɗaruruwa ba tare da hannu ya sauya ba.

Sai kuma maganar haske. Ƙaramin abu ba ya mayar da haske da yawa zuwa ido, shi ya sa launin da ya yi daidai a jikin tankar gaske yake komawa duhu a jikin ta santimita biyu. Masu fenti suna gyara wannan da gangan. Koren tankokin Rasha da ake kira 4BO sai a sirka shi da rawaya ko fari har ya yi kamar ya koɗe. Jar rigar sojan Ingila na zamanin Napoleon sai a kai ta kusa da ruwan lemo. A hannu za ka ce an yi kuskure. A tebur kuwa sai ka ga ita ce jar da ka sani. Wannan ƙarya ce da ake yi don gaskiya ta fito, kuma ba littafin da zai gaya maka iyakarta, sai ido da ya saba.

A kan tanka aikin hawa uku ne. A shimfiɗa launin asali, siriri ƙwarai, don fenti mai kauri yana cike ƙofofi da ƙusoshin da maƙerin ya sha wahalar sassaƙawa. Bayan ya bushe a bi shi da fenti mai duhu da aka tsinka da ruwa sosai, wanda zai gangara da kansa ya kwanta a lunguna, tsakanin ƙafafu da ƙarƙashin kan tankar, ya zama inuwa. Na uku shi ne busasshen buroshi: a ɗebo launi mai haske, a goge shi a takarda har ya zama kamar babu komai, sannan a shafa sama-sama. Gefuna da kusurwoyi kaɗai ke kamawa. Nan take ɗan dunƙulen ƙarfe ya fito da siffarsa, har mai ido ya bambance T-34 da Sherman daga ɗaya gefen teburin. Masu shimfiɗa baƙi tun farko da masu shimfiɗa fari sun daɗe suna jayayya. Baƙi yana rufa asirin inda buroshi bai kai ba, fari kuma yana sa launi ya yi kyau. Ni ina bayan masu fari a wannan ma'auni, domin duhu ne babban abokin gaban ƙaramin soja.

Ba kuma a tsoma buroshi sai an yi karatu. Tankokin Jamus ruwan toka mai duhu ne a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, amma a watan Fabrairun 1943 aka ba da umarnin komawa rawaya mai duhu, aka kuma raba wa ma'aikatan tanka kore da ja-ja su zana da kansu a filin daga. Saboda haka wanda zai shirya yaƙin Kursk na Yulin 1943 ya san rawaya zai fi yawa a teburinsa, kuma yana da damar sa kowace tanka ta bambanta da 'yar'uwarta. Wanda ya zaɓi fagen ƙasar Bama, inda Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da Myohaung a 1944 da 1945, da ɗimbin 'yan Arewa a cikinsu, shi ma da nasa karatun. Hula mai faɗin baki zai nema, ya kuma tuna cewa waɗannan rundunoni da ka suke ɗaukar kayansu a dajin da mota ba ta shiga. Sai ya murza ɗan ƙwaɓi ya ɗora wa wasu a ka. Tambarin Runduna ta 81, baƙin gizo a kan rawaya, ba zai zanu a kafaɗa mai faɗin milimita ɗaya ba, sai dai a buga shi a 'yar takardar da ake liƙawa a bayan allon da suke tsaye a kai.

Allon nan da ake kafa sojoji a kai shi ne rabin aikin, kuma a nan ake gane wanda ya iya. A wasan yaƙoƙin zamanin Napoleon an saba da allo mai milimita 60 a 30, a jera sojoji wajen 24 a sahu biyu, da hafsa a kan doki da tuta a tsakiya. Yashin da za a barbaɗa sai an tankaɗe shi, domin tsakuwar da ba ta kai komai ba a ido tana iya kai wa soja gwiwa. Ciyawar roba da ake sayarwa don manyan sojoji za ta haɗiye shi har wuya, don haka gari-garinta ake nema. Ƙasar kuma a yi ta da haske fiye da kayan sojan, in ba haka ba ya ɓace a cikinta. Wasu sukan mayar da kowane allo ɗan labari: sahu ya ɗan karkace a gefe guda, 'yan leƙen asiri biyu sun yi gaba, sawun sarƙar tanka ya bi ta cikin taɓo.

Kyaftin William Siborne ya gane ƙarfin yawa tun a 1838, lokacin da ya kammala siffar filin Waterloo da sojojin kuza kusan 70,000, wadda ke gidan tarihin sojan Birtaniya a Landan har yau. Nasa a kafe suke, ba sa motsi. Na masu wasa kuwa ana tura su, ana auna tafiyarsu da tef, ana jefa ƙwayar ludo don a san ko harbi ya samu. Shi ya sa matakin ƙarshe shi ne a fesa musu man kariya marar ƙyalli don yatsu kada su cinye fentin, a liƙa maganaɗisu a ƙarƙashin kowane allo, a jera su a akwati mai gindin ƙarfe yadda ba za su goga juna ba a hanyar zuwa wurin wasa.