Jita Biyu a Ƙungiya Ɗaya: Wa Ke Kiɗan, Wa Ke Cin Yabo?



Makon jiya bayan isha'i na tsaya wurin mai shayi, sai na tarar da samarinmu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Bidiyon Mdou Moctar suke kallo, Buzun nan na Nijar, bahago, mai kaɗa jita. Ɗaya ya ce yau a duniya ba shi da na biyu. Wani ya ce haba, ai jita ta Turawa ce, ya shiga jero sunaye. Da gardama ta yi zafi sai na ce a ba ni wayar. Na nuna musu wani mai rawani da ke tsaye a gefe da tasa jitar, na ce wannan fa, ya sunansa? Shiru kake ji. Sun kalli bidiyon ya fi a ƙirga, amma ba wanda ya lura da shi.

Na san wani zai ce me ya haɗa Malam da jita. Hukuncin kiɗa malamai sun yi magana a kai, kuma ba shi na zo tattaunawa a wannan shafi ba. Na yi ƙuruciya zamanin kaset, kunnena ya ji abin da ya ji. Tunda yaranmu suna saurare ko mun so ko mun ƙi, gara su san abin da suke ji.

Sunan mutumin Ahmoudou Madassane, za mu dawo kansa. Mu fara da inda kiɗan rok ya girma, wato Ingila da Amurka. Yawancin ƙungiyoyin rok suna da mai ganga, da mai jitar bes mai kaurin murya, da mawaƙi, sai jita ɗaya ko biyu. In biyu ne, akan ce ɗaya mai jan gaba, shi ke yin salo da zuba. Ɗayan kuma mai riƙon kiɗa, shi ke maimaita bugun da kowa ke takawa a kai. Ido kan mai jan gaba yake tafiya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya kamata ya kori gani. Na saurari haɗin jita biyu iri uku, kowanne da ƙarfinsa da rauninsa.

Na farko shi ne raba aiki, kowa ya tsaya a nasa. Ba wanda ya kai 'yan AC/DC a wannan. Wa da ƙane ne, Malcolm Young da Angus Young. An haife su a Glasgow, iyayensu suka yi ƙaura da su Ostireliya a 1963, suka kafa ƙungiyar a Sidni a 1973. Angus, ƙanen, shi duniya ta sani: ga kayan 'yan makaranta da gajeren wando, ga guje-guje a dandamali, har birgima yake yi a ƙasa yana kiɗa. Malcolm kuwa can baya yake tsayawa kusa da lasifikoki. In lokacin amshi ya yi ya tako gaba ya amsa, ya koma inda ya fito. Jitarsa ma, ƙirar Gretsch, sai da ya ciccire mata na'urorin ɗaukar sauti ya bar guda ɗaya tal.

To, ka sa iyafis ka kunna waƙar "Back in Black" ta faifansu na 1980. Bugu suke yi su tsaya, su sake bugu su tsaya. Wannan ɗan shirun da ke tsakani shi ne ran waƙar. Mutum biyu su buga tare ba wuya ba ne. Su yi shiru tare a daidai ƙiftawar ido ɗaya, nan gwanintar take. Idan Angus ya balle da salonsa, ka bar shi ya tafi, ka bi ɗaya jitar da kunne. Ba ta ƙara gudu, ba ta ragewa, ba ta neman a ji ta. Shi ya sa duk inda ƙanen ya yi yawo yana da gidan komawa. Angus da bakinsa ya sha cewa yayansa ne ƙashin bayan ƙungiyar. Malcolm ya bar kiɗa a 2014 saboda ciwon mantuwa, ya rasu a 2017, kuma ɗan ɗan'uwansu Stevie Young ne ya gaje shi, wanda ya taso a kan irin wannan bugu.

Aibin wannan tsari a wurina shi ne ba ya ba ka mamaki. In ka ji faifansu biyu, ka san yadda na uku zai kasance. Ba sa musayar zance. Ɗaya ya yi shimfiɗa, ɗaya ya taka. Gini ne mai ƙwari, amma ɗaki ɗaya ne.

Na biyu shi ne saƙa, kuma Keith Richards na Rolling Stones ne ke kiransa haka. Ƙungiyar ta fara a Landan a 1962. Abin da Keith ke so shi ne jita biyu su shiga juna kamar zaren tsaye da na kwance, har mai saurare ya kasa cewa ga mai ja, ga mai riƙo. Haka ya fara da Brian Jones, wanda ya rasu a 1969. Haka kuma ya ci gaba da Ronnie Wood, wanda ya shigo a 1975. In kana son jin saƙar da kyau, nemi "Beast of Burden" a faifan Some Girls na 1978. Wannan ya ɗan taɓa ya saki, wancan ya cike gurbin, kafin ka ankara sun yi musanya. Kamar tsofaffin abokai biyu ne a kan benci, ɗaya ya fara magana ɗaya ya ƙarasa, ba mai katse wani.

Sai dai a nan akwai abin da ke ɗan rushe min hujja, kuma ba zan ɓoye shi ba. Tsakanin Jones da Wood akwai Mick Taylor, wanda ya shigo yana ɗan shekara 20 a 1969, ya fita a ƙarshen 1974. Taylor ba masaƙi ba ne. Mai jan gaba ne na sosai, sautinsa sumul, mai tsawon numfashi. Zamaninsa aiki ya rabu: Keith ya cire tsirkiya ɗaya ya bar biyar yana datsa bugu, Taylor yana yawo a sama. Amma kuma a wannan zamanin ne suka yi Sticky Fingers a 1971 da Exile on Main St. a 1972, waɗanda ni dai a kunnena babu faifansu da ya kama ƙafarsu. Saurari "Can't You Hear Me Knocking": farkonta na Keith ne, kaushi kamar dutsen niƙa, ƙarshenta na Taylor ne, kamar ruwa na gangara. Wato wanda suka fi jituwa da shi daban, wanda suka fi yin aiki mai kyau da shi daban. Abin da na fahimta shi ne, bambancin hannu yana da amfani matuƙar kowa na jin ɗan'uwansa. Keith da Wood hannunsu ya yi kama da juna, shi ya sa wani lokaci, musamman a wasan dandamali, saƙar kan yi sako-sako, kowa na jiran wani ya ja.

Me ya fitar da Taylor? Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikin abin da ya koka a kai shi ne ba a sa sunansa a waƙoƙin da yake ganin da hannunsa aka gina su. A duk shekarun nan, waƙa ɗaya ce, "Ventilator Blues", aka rubuta sunansa tare da na Jagger da Richards. Suna a jikin waƙa kuwa kuɗi ne da ke shigowa har tsufa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa haɗa jari da wani ya san ba ranar asara ake rabuwa ba, ranar rabon riba ce.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma shi ya fi wuya: duka biyun gwanaye ne, duka biyun suna jan gaba. Sau da yawa wannan ba ya ɗorewa. A 1966 ƙungiyar Yardbirds ta Ingila ta haɗa Jeff Beck da Jimmy Page, kowannensu sarki ne a jita. 'Yan watanni kawai suka yi, Beck ya kama gabansa. Amma a Amurka an samu waɗanda suka iya: Duane Allman da Dickey Betts na Allman Brothers Band, da aka kafa a 1969 suka zauna a garin Macon na jihar Jojiya.

Duane yakan zura yatsa cikin 'yar kwalbar magani yana goga ta a kan tsirkiya, sai jitar ta riƙa kuka kamar goge. Betts kuma sautinsa garau ne, mai daɗi, irin na kiɗan karkarar Amurka. Dabararsu ita ce su ɗauki karin waƙa ɗaya su kaɗa shi tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan su rabu kowa ya yi nasa. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan ɗaya na jan gaba, ɗayan ba ya tsayawa jiran layi. Komawa yake ya riƙe masa kiɗa da gaske, kamar ba shi ne ya gama zuba yanzu ba. Faifansu At Fillmore East, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a birnin New York a watan Maris na 1971, cike yake da wannan, musamman "In Memory of Elizabeth Reed" mai kimanin minti 13, wadda Betts ya tsara. In ba ka da wannan lokacin, nemi "Blue Sky" mai minti biyar. Duane ne ya fara, ya yi tafiyarsa, sai a tsakiya su haɗu su taka 'yan matakai tare, sannan Betts ya karɓa. Wannan miƙa hannun, wallahi, ya fi min duk wani gudun yatsa da na taɓa ji.

Duane ya rasu a haɗarin babur a watan Oktoba na 1971 yana da shekara 24. Abokansa ba su ɗauko wani mai jita ya tsaya a gurbinsa ba a lokacin. Mai piyano suka ɗauka, Chuck Leavell. Ina ganin sun gane cewa gwani ana samu a kasuwa, amma abin da ke tsakanin mutum biyu ba a sayo shi.

Su ma ba su tsira daga aibi ba. "Whipping Post" a wancan faifan ta haura minti 20, kuma akwai wuraren da za ka ji makaɗan na jin daɗin kansu sun manta da kai. Mai haƙuri ne ke cin ribar irin wannan kiɗan.

Yanzu mu koma kan wayar samarinmu. Mdou Moctar ba baƙonmu ba ne. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, kuma ta waya da memori waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa a Sahara kafin Turawa su ji labarinsa. A 2021 ƙungiyarsa mutum huɗu ce: shi, da Ahmoudou Madassane a jitar riƙo, da Souleymane Ibrahim a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a bes. Ku saurari "Afrique Victime", waƙar da faifansu na 2021 ya ci sunanta. Tana farawa a hankali, tana ƙara gudu kamar raƙumi ya ga gida, har Mdou ya ɓarke da zuba. Duk wannan gudun, wa ke riƙe da akala? Ahmoudou ne da mai ganga. Bugu ɗaya yake juyawa, yana ƙara masa wuta daidai gwargwado, bai wuce ba, bai makara ba. Tsarin su Malcolm ne, sai dai nasa riƙon zagaye yake yi, ba datsawa ba. Ƙorafina ɗaya: a ƙarshen waƙar sautin Mdou yana danne nasa har sai ka kasa kunne sosai. Lasifikar waya kuwa ba ta fito da shi ko kaɗan, don haka ban ga laifin samarin sosai ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Wanda ya san kalangu ya san kuntukuru, ɗan ƙaramin da ba ya magana, amma in ya tsaya kiɗan ya watse. Nan ƙasar Yarbawa ma muna jin jujun King Sunny Ade a bukukuwan maƙwabta, jita kan jita, kowacce da 'yar maganarta, ba mai hawa kan wata.

Saboda haka in aka tambaye ni wa ya fi, ba zan ba da sunan mutum ɗaya ba. A ƙwari, 'yan gidan Young. A faifai, Keith da Taylor. A zaman tare na shekara da shekaru, Keith da Wood. Amma a jin juna, Duane da Betts na ba, domin su ne kowannensu ya isa ya tsaya shi kaɗai, ya kuma yarda ya koma baya ya tallafi ɗan'uwansa.

Samari, ga aikin gida. Ku sake kunna bidiyon nan da iyafis, ku kifa wayar kada ku kalla, ku bi jitar Ahmoudou tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya iya bin ta bai ɓace ba, ya same ni a shago, shayinsa na ranar a wuyana.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.